Yadda Muka Ciro Cindo Daga Cikin Inuwa

Ku matso kusa, ku da kuke zaune gaban gilashi kuna latsa maɓalli da babban yatsa, ku ji abin da ke bayan gilashin. Akwai ƙasashe a can masu faɗin da tsuntsu bai taɓa ƙure shi ba, da koguna da ba a san mafarinsu ba, da birane waɗanda kowannensu wasa ɗaya ya sani, a kansa ake haihuwa, a kansa ake furfura. Ku kuna kiransu wasannin bidiyo. Mu gida muke kiransu. Ni ce Tabawa mai magani, matar Jatau mai garkuwa, mutuniyar Tudun Matakai, kuma duk abin da zan faɗa da ƙafata na taka shi.

A Tudun Matakai, ranar suna ake sa wa jariri munduwa. Duk wani aikin wahala da mutum ya yi, ko dodo ya kayar, ko saƙo ya kai, ko rijiya ya yashe wa maƙwabci, sai ɗan haske ya taru a cikinta. Ranar da ta cika, ya hau mataki ke nan, sai ta fitar masa da ƙwaya ɗaya mai walƙiya. Ya haɗiye ta da niyyar baiwar da yake so, baiwar ta zauna a jikinsa. Kuma ba ma tafiya ɗai-ɗai, ayari muke yi. Wanda ka miƙa wa hannu ka kira sunansa ya amsa, ya shiga ayarinka, haskenku ya zama ɗaya. In ya faɗi a fagen fama, mai maganin ayari tana iya tashinsa.

Ni duk ƙwayoyina a magani na zuba su. Maigidana kuwa tun yana saurayi bai taɓa haɗiyar ƙwaya da wata niyya ba sai ƙarfi. In an ce masa akwai baiwar waƙa, sai ya ce waƙa ba ta tare mashi.

Autarmu ce ta fita daban. Wata safiya ta ajiye takobinta a bakin ƙofa ta ce, "Inna, dodon kogon gabas ɗin nan kakana ya kashe shi, Baba ya kashe shi, kullum ya tashi mu sake kashe shi don ɗan haske. Ni na gaji. Birnin Tsere zan tafi, inda ba a tambayar matakinka, hannunka kawai ake kallo."

Ubanta ya yi ta faɗa, ni na yi mata guzuri. Ta tafi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sai ga wani falke mai sayar da man inji ya sauka a ƙofarmu. Da ya ji sunan Auta sai ya ajiye ƙwaryar ruwan da na ba shi.

"Baiwar Allah," ya ce, "'yarku ce ke zuwa ta ƙarshe a kowane tsere. Kuma garin nan yana da doka. Wanda ya zo na ƙarshe a babbar gasar kaka, shi da motarsa inuwa suke komawa. Ba ya ci, ba ya ji, ba ya tsufa, tserensa na ƙarshe kawai zai yi ta maimaitawa, sababbi suna gwada gudu da shi. Kaka kuwa ta kusa."

Kafin falken ya rufe baki, Maigida ya riga ya sauko da garkuwarsa daga bango.

Hanya ta fara bi da mu ta Kwazazzabon Duwatsu. A can ruwan sama ba ruwa ba ne, duwatsu ne masu launi, ja da kore da shuɗi da rawaya, suna zubowa ba hutu. Mutanen wurin ba su da aiki sai jera su: in uku masu launi ɗaya suka haɗu a layi sai su ɓace, da haka suke hana kansu binnewa. A mafitar kwazazzabon kuma wata ƙaguwa ce kwance, girmanta ya kai rumbu, ta toshe hanya.

Maigida bai yi shawara da kowa ba, ya zare takobi ya sara. Takobin ya yi tsalle kamar ya daki maƙera, ƙaguwar ta kai masa damƙa ta yage masa cinya.

Wata mata ta ƙwala masa kira daga bayan tulin duwatsu, "Baƙo, ƙarfe ba ya ci a nan! Jera duwatsu kawai ake yi!"

Na durƙusa in ja shi, gwiwata ta ture wani koren dutse ya haɗu da 'yan'uwansa biyu. Suka ɓace, amma ba a banza ba kamar na mutanen garin. Koren hasken ya shige munduwata, ya bi hannuna, sai ga raunin cinyarsa yana haɗewa. Na gane nan take. In kore magani ne, to ja duka ne.

"Maigida, jajayen! Jera jajayen!"

Ya tsaya cak, hannunsa a sama, yana duban duwatsun. Ƙaguwar tana matsowa. Kowane launi kuwa da siffarsa daban. Sai na ce, "Masu kama da goro! Bar masu kama da ganye, nawa ne!"

Ya dube ni sau ɗaya, ya duƙa. Ya jera uku, hasken ya hau damtsensa, ya kai naushi, ɓawon ƙaguwar ya tsage. Ni ina jera ganye ina ɗinke shi, shi yana jera goro yana duka, har na hango wani shuɗi guda da ya tokare tuli. Na zare shi. Tulin ya rufto, layi yana haifar layi, ja bisa ja, hasken ya cika masa hannu har ya kasa riƙewa. Duka ɗaya ya yi, ƙaguwar ta kife, hanya ta buɗe.

Da muka yi nisa sai ya yi gyaran murya. "Tabawa, tun yaushe kika san ba na bambanta ja da kore?"

"Tun zanen da ka sa mini a lefe, ka ce ka zaɓo ja don ya dace da ni."

"Ba ja ba ne?"

"Kore ne shar kamar ganyen albasa. Na ɗaura shi har ya mutu."

Ya yi dariya har sai da ya dafa garkuwa.

Daga nan muka gangara Fadamar Lumana, ƙasar da ba dodo, ba takobi, sai kabewa da tumatir da kaji masu ƙiba. Babban kogi ya raba ta da Birnin Tsere, jirgin fito kuwa inji ne ke jansa da igiya, injin ya lalace. Mai jirgin wata dattijuwa ce, Gwaggo Delu.

"Sai bakanike ya zo," ta ce, "shi kuma sai ya gama girbi. A nan ba a sauri, ɗana."

Maigida ya ce zai ja jirgin da hannu. Ya ja, igiyar ta tsinke, wani ƙarfe ya fita daga injin ya faɗa laka. Gwaggo Delu ba ta yi faɗa ba, ta miƙa masa guga ta ce tunda ƙarfi ya yi masa yawa, ya je ya ba kabewa ruwa.

Munduwarsa ta yi shekaru a mace, don dodannin garinmu sun daina ƙara masa komai. Amma yana zuba gugan farko sai ta yi ƙyal. Ya dube ta kamar ya ga tsohon aboki. Ya ba kabewa ruwa, ya yi wa tumatir shinge, ya kamo wani bunsuru da ya ɓace, ga haske yana ta taruwa, har ta cika ta fitar da ƙwaya.

Ya riƙe ta a tafin hannu. Na ga leɓensa ya fara haɗa kalmar ƙarfi, don baki ya saba. Ya dubi kogin, ya dubi injin da ya ƙarasa kashewa, ya rufe ido ya ce, "Gyara."

Yatsun nan nasa masu kama da taɓarya suka shiga cikin injin a hankali kamar na mai kitso. Kafin inuwa ta juya, jirgi ya motsa.

Birnin Tsere kuwa tun daga ruwa ake jin rurinsa. Titi ne ya naɗe garin kamar rawani, ya hau dutse, ya ratsa ƙarƙashin ƙasa, ya bi bakin rami mai zurfi. A cikin motocin da ke gudu akwai wasu farare kamar hayaƙi, ana hango bango ta cikinsu, sauran motoci suna ratsa su ba karo. Su ne inuwoyin. Na kau da kai.

Muka sami Auta a wani gareji a bayan kasuwa, kwance ƙarƙashin wata mota da ta fi kama da tsohon kwano. Ta rame. Ta naɗe munduwarta da tsumma. Da ta ga ƙafafun ubanta sai ta fito, ta rungume ni, sannan ta tuna tana fushi.

"Wa ya ce ku zo? Ban gudo daga matakai don su biyo ni ba."

"Matakai ba su biyo ki ba," in ji ubanta, "mu ne. Wannan kuma mota ce ko akurki?"

Washegari da hantsi aka yi ƙaramin tsere, na hau tudu na kalla. Abin da na gani ya wuce abin da falke ya faɗa. Yarinyar nan da akurkinta ta wuce kowa, tana shan kwana kamar ruwa a kwata. Amma da ta iso kwanar bakin rami sai ta taka birki. A wurin wata farar mota ta tsaya, inuwar wani saurayi ta fito, ta durƙusa a gefen titi inda ba kowa. Auta ta sauko ta tsaya gabansa, motoci suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya.

Da ta dawo na zaunar da ita. "Wane ne?"

Ta daɗe tana murza tsumman hannunta. "Cindo. Shi ya koya mini sitiyari. A gasar bara tayata ta fashe a kwanar nan, shi yana gaba, ya dawo ya cire tasa ya ba ni. Na tsira, shi ya zo na ƙarshe. Yanzu kullum sai ya tsaya a wurin ya ce, 'Tayarki ce? Karɓi tawa.' Ni kuma in ce masa kada ya tsaya, ya wuce. Ba ya ji, Inna. Amma ba zan iya wuce shi ba."

"Kullum amsar da kike ba shi ke nan?"

"To me zan ce?"

"A garinmu in kin yi wa mutum magana ƙofa ta ƙi buɗuwa, ba kya sake wata maganar? Kuma kin manta aikin uwarki? Ki shigo mini da shi ayari, ni zan tashe shi."

Ta ɗago ido, sannan ta girgiza kai. Ta ce a babbar gasa kawai inuwa ke yin nauyin da hannu zai iya taɓa ta. Kuma in na farko ya ƙetare layi ana fara kaɗa ƙararrawa, duk wanda bai iso ba kafin ta yi shiru, da na ƙarshe ake lissafa shi. Motarta mutum ɗaya ma da ƙyar take ɗauka, balle huɗu.

Maigida ya naɗe hannun riga. "Ki kwance tsumman nan."

"Baba, na ce ba na son in ci tsere da haske."

"Ba cin tsere za ki yi ba. Mutane za ki ɗauka."

Ta kwance.

A garin nan kowa gudu yake, ba mai tsayawa ya ji matsalar wani, saboda haka aiki ya yi mana yawa. Muka kai wa wata mai jego itace a bayan dutse. Muka jawo tankar ruwa da ta maƙale a laka. Muka ɗauko wa Barmo, dattijon da ke alƙalancin tsere, maganin ƙafa daga ƙauye, shi kuma ya ba mu labarin duk kwanar da ke titin da yadda take yaudarar direba. Wannan ya ba mu taya, wancan ya ba mu salansa, Maigida yana haɗawa, motar tana canja murya. Munduwar Auta ta cika.

Ubanta ya ce ta haɗiye ƙwayar da niyyar juriya, ko an yi karo ta tashi. Ni na so ta zaɓi kaifin ido. Ta dube mu duka biyu ta ce, "Kwana." Maigida ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Ranar gasa muka shiga layi mu uku a mota ɗaya. Jama'a suka yi ta dariya. Barmo ya zo yana ɗingishi, ya leƙa ta taga.

"Ranka ya daɗe," na ce, "akwai dokar da ta hana ɗaukar fasinja?"

Ya sosa gemu. "Ba wanda ya taɓa tambaya."

Aka sauke tuta. Ni da ban taɓa hawan abin da ya fi jaki gudu ba, na ji hanjina ya koma bayana. Gidaje suka zama zare. Na riƙe kujera ina salati, Maigida a baya yana ihu, "Ba ta wuta, Auta!" kamar ba shi ne ya yi ta faɗa ranar da ta bar gida ba.

A zagayen ƙarshe muka iso kwanar bakin rami, ta taka birki. Farar motar ta tsaya. Cindo ya fito, dogo, siriri, ana ganin duwatsu ta ƙirjinsa. Wurin ƙunci ne, kuma ga rurin waɗanda muka bari a baya yana tahowa. Maigida ya diro ya kafa garkuwarsa a tsakiyar titi. Mota ta farko ta goge ta, tartsatsi ya tashi, ta biyu ta ture shi taku guda, ya sake kafewa.

"Ku yi sauri, mata!"

Cindo ya durƙusa. Muryarsa kamar daga cikin tulu. "Tayarki ce? Karɓi tawa."

Na ga tsohuwar amsar tana son fitowa daga bakin Auta. Ta haɗiye ta. Ta miƙa hannu.

"Na karɓa, Cindo. Na gode. Kai kuma taso ka shigo tamu."

Hannunsa da ya saba kai wa taya ya tsaya a iska. A hankali ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi ba tun bara.

"Cindo," ta sake kira.

"Na'am," ya ce.

Tafinsa ya sauka a nata. Na kama wuyan hannunsa, sanyi ƙalau kamar randa, na zuba duk abin da na tara tun ina budurwa. Haske ya bi ta Auta ya bi ta kaina ya shige shi. Launi ya fara daga yatsu, ya hau kafaɗa, ya kai fuska. Ya yi tari, ya faɗo jikina da nauyinsa na mutum.

A daidai nan muka ji ƙararrawa ta fara daga nesa.

Muka cusa shi a baya, Maigida ya faɗo a kansa, Auta ta ba mota wuta. Motar ta yi nishi, ta ja ciki kamar saniya mai tsohon ciki.

"Nauyi ya yi yawa!" in ji Auta.

Maigida ya kwance sulkensa ya wurga ta taga. Ya cire kwalkwali ya wurga. Saura garkuwa, wadda ubansa ya ba shi, wadda ko ni ba na taɓawa sai da izini. Ya shafa ta sau ɗaya, ya sake ta a rami. Motar ta zabura.

Sauran titin duk kwana ne, mai lanƙwasa kamar hanjin rago. Auta ba ta taɓa birki ba ko sau ɗaya. Tayoyin baya suna leƙa rami suna dawowa, ita kuwa hannunta a kwance kamar tana tankaɗe. Ƙarar ƙararrawar tana raguwa, tana raguwa, sai da ta zama kamar kukan sauro muka keta layi. Sannan ta yi shiru.

Wani ya ɗaga murya ya ce ai duk da haka mu ne na ƙarshe, doka ta hau kanmu. Barmo ya hau dakalinsa, ya kare ido da hannu, ya dubi dutse.

"Ni ina hango mota ɗaya da ba ta iso ba," ya ce. "Ga ta can a kwanar rami, fara, ƙofa a buɗe. Ita ce ta ƙarshe. In doka tana son inuwa, ta je ta ɗauki wanda ke ciki."

Ba kowa a ciki. Muna kallo farar motar ta narke kamar hazo.

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, don na fito da rarrafe na amayar da duk abin da na ci tun Fadamar Lumana. Na rantse a gaban kowa cewa ni da mota har abada, ko gida zan koma da ƙafa. Cindo yana zaune a ƙasa yana taɓa yashi yana kuka, Auta ta riƙe gefen rigarsa kamar za a ƙwace. Maigida, daga shi sai 'yar shara, ya tsaya a kansa yana ƙare masa kallo.

"Kai ne mai ba mutane taya?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ci abinci tukuna. Akwai maganar da za mu yi, mai tsawo."

Da gari ya waye na fito gareji in sha iska, sai na tarar da mutane zaune a ƙofa, tsofaffi da matasa. Wata tsohuwa mai sanda ta taso, ta durƙusa da ƙyar duk da na hana ta.

"Mai magani," ta ce, "nawa ɗan shi ne mai mota mai tsinin baki. Ba ya tsayawa ko'ina, gudu kawai yake. Kullum ina zuwa tudu in gan shi ya wuce. Fuskarsa ban manta ba, amma muryarsa ta ɓace mini."

Na dubi sauran. Kowa da tasa inuwar. Na dubi motar, na tuna rantsuwar da na yi. Maigida yana gefe yana goge sifana, ya ƙi haɗa ido da ni, amma na ga gemunsa yana motsi.

Na ɗaga tsohuwar na zaunar da ita a benci. Na kwance ɗankwalina na sake ɗaure shi tamau, har ya ja mini gira.

"Wanda ba ya tsayawa," na ce wa Auta, "sai an jera da shi ana gudu ke nan?"

"Sai an jera, Inna. Kuma sai kin fito da rabin jikinki ta taga."

"To kafin kaka ta zagayo sai na koya. Tashi motar. Amma wallahi a hankali."

Ba ta yi a hankali ba.

Nan na sauke kayan labarina. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi.